Lasisin tuƙin jirgin sama na ƙashin kai: abin da ya halatta wa mai shi da inda ya tsaya

Lasisin tuƙin jirgin sama na ƙashin kai, wanda ma'aikatan fannin ke taƙaita sunansa da PPL, takarda ce da ke bai wa mutum izinin tuƙa ƙaramin jirgi, ya ɗauki iyalinsa ko abokansa ko kayansa, bisa sharaɗi guda mai ƙarfi: kada ya karɓi ko sisin kwabo a matsayin ladan tuƙi ko kuɗin haya. A Najeriya, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, ita ke bayar da shi, kuma ƙa'idojinta sun ginu ne a kan ma'aunin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO.

Duk wanda ya san bambancin lambar mota mai shuɗin rubutu da mai jan rubutu ya riga ya fahimci rabin zancen. Ta farko motar gida ce, ta biyu ta haya. A kan titi akan kau da kai idan mai motar gida ya ɗan yi kabu-kabu da yamma don ya mayar da kuɗin mai. A sararin sama babu wannan sassaucin. Ko masu manyan jiragen ƙashin kai, waɗanda ƙwararrun matuƙa ke ja, ba a bar su ba: a watan Afrilun 2024 NCAA ta dakatar da izinin uku daga cikinsu bayan ta gano suna jigilar fasinjoji don kuɗi. Dalilin tsananin shi ne, fasinjan da ya biya kuɗi yana da haƙƙin a ba shi matuƙi mai zurfin horo da jirgin da ake duba lafiyarsa bisa ma'aunin kasuwanci, alhali ma'aunin jirgin gida bai kai nan ba.

Wannan haramci na karɓar kuɗi shi ya tsara dukkan amfanin lasisin. Da aka toshe ƙofar sana'a, abin da ya rage wa mai shi shi ne ya tashi don jin daɗin kansa da biyan buƙatarsa, ko kuma ya tashi don taimakon wani, da kuɗin aljihunsa.

Yadda ake samunsa

Ma'aunin ICAO ya ce mai nema ya kai shekara 17, ya kuma ci gwajin lafiya na mataki na biyu, wanda ake duba ido da kunne da zuciya da hawan jini. Sanya tabarau ba ya hana, matuƙar yana gyara gani yadda ake so. Sai sa'o'i 40 a sama, aƙalla 10 daga cikinsu ɗalibi shi kaɗai a jirgi babu malami a gefensa. A cikin goman nan, biyar na tafiya ne daga gari zuwa gari, kuma dole a samu tafiya guda da ba ta gaza kilomita 270 ba, tare da cikakkiyar sauka a filaye biyu daban. Don a ga girman abin, tazarar Zariya zuwa Kontagora a miƙe ta kai kimanin kilomita 250.

Arba'in ɗin nan mafi ƙaranci ne. Ɗalibai da yawa sukan wuce shi nesa kafin malami ya gamsu, musamman wanda ke zuwa darasi jefi-jefi yana manta na makon jiya.

Akwai kuma jarrabawar rubutu a kan dokokin sararin sama, yanayi, karatun taswira da lissafin hanya, yadda injin da fukafukai ke aiki, lissafin nauyi da mai, iyakar ƙarfin jikin ɗan Adam, da maganar rediyo, wadda da Turanci ake yin ta. Daga nan sai gwajin tuƙi a gaban mai jarrabawa. Wanda ke son cin abinci da tuƙi sai ya ci gaba zuwa lasisin kasuwanci, mai buƙatar shekara 18 da sa'o'i 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. Kyaftin ɗin babban jirgin fasinja kuwa sai ya tara sa'o'i 1,500.

A Arewa, gidan wannan karatu shi ne Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO. A can Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko 'yar Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Akwai wata makarantar a Ilorin, mallakar Jihar Kwara. Akasarin waɗanda ke karɓar lasisin ƙashin kai a waɗannan makarantu suna ɗaukarsa ne a matsayin zangon farko na hanyar zuwa kamfanonin jiragen fasinja. Da wuya a ga likita ko manomi ko ɗan kasuwa da ya je don ya tsaya a nan, kuma wannan giɓi shi ne babban bambancinmu da ƙasashen da ƙananan jirage suka zama ruwan dare.

Tashi don nishaɗi

A Amurka akwai sama da mutum 160,000 masu wannan lasisi, da filayen sauka kimanin 5,000 da kowa ke iya amfani da su. Yawancin mutanen nan ba su mallaki jirgi ba. Haya suke ɗauka ta sa'a daga ƙungiyoyin masu sha'awar tuƙi, ko mutum huɗu zuwa goma su haɗa kuɗi su sayi guda su riƙa karɓa-karɓa. Dokar can ta yarda matuƙi da fasinjojinsa su raba kuɗin mai da na haya daidai wa daida, muddin shi ma ya biya kasonsa. Jirgin da aka fi yin wannan da shi shi ne Cessna 172, mai kujera huɗu da injin guda, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera sama da 44,000. Yana gudun kimanin kilomita 220 a sa'a, yana shan lita 30 zuwa 35 na mai.

Man shi ne matsala a nan gida. Irin waɗannan injina ba sa shan kananzir ɗin manyan jirage, Jet A1, wanda ake samu a manyan filayen ƙasar. Wani fetur na musamman suke sha mai suna Avgas, mai tsada da wuyar samu a Najeriya. Ƙarancinsa na daga cikin dalilan da suka sa kwalejin Zariya ta koma ga jiragen Diamond DA40 da DA42 masu amfani da Jet A1, a madadin tsofaffin Tampico da ɗalibanta suka daɗe suna koyo da su. Idan makarantar gwamnatin tarayya ta sha wuya a kan mai, sai a auna halin mutum ɗaya mai jirgi ɗaya.

Ba don Arewa baƙuwar jirgi ce ba. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa na Kano bayan tasowa daga Masar, kuma zuwa 1936 jiragen fasinja da wasiƙu sun fara zuwa birnin ta Khartoum. Wani abin lura ma shi ne, jirgin Air Beetle da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna don horar da sojan sama, asalinsa samfurin RV-6A ne, wanda masu sha'awa a Amurka ke saye a warwatse su haɗa da hannunsu a garejin gida. Wato abin wasan wasu ne ya zama ajin farko na matuƙan yaƙinmu.

Tashi don taimako

Inda lasisin ya fi yin suna shi ne aikin sa kai, kuma misalin da ya fi kusa da halinmu daga Gabashin Afirka yake. Michael Wood, likitan tiyata ɗan Ingila da ke aiki a Nairobi, ya ga kiran gaggawa na zuwa masa daga wuraren da mota ke kwana a hanya kafin ta isa, sai ya koyi tuƙin jirgi. A 1957 shi da wasu likitoci biyu, Archibald McIndoe da Tom Rees, suka kafa hidimar likitoci masu tafiya da jirgi wadda ta zama AMREF. Bayansa wata likita haifaffiyar Faransa, Anne Spoerry, ta koyi tuƙi tana da shekara 45, ta yi sama da shekara 30 tana kai magani da rigakafi ƙauyukan arewacin Kenya da gaɓar teku da ƙaramin jirginta, har rasuwarta a 1999. Su biyun sana'arsu likitanci ce. Jirgin abin hawa ne kawai, kamar yadda malamin asibitin karkara ke hawa babur.

A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Bateleurs da aka kafa a 1998 tana haɗa masu ƙananan jirage da masu binciken muhalli, su ɗauke su kyauta su duba daji ko kogi ko wurin haƙar ma'adinai daga sama. A Amurka, rundunar farar hula ta Civil Air Patrol, wadda ta fara a Disamban 1941, tana neman jirage da mutanen da suka ɓace, tana ɗaukar hotunan ɓarna bayan ambaliya ko guguwa. Shirin Young Eagles kuwa, tun 1992, ya ɗauki yara sama da miliyan biyu 'yan shekara 8 zuwa 17 a ɗan gajeren shawagi na kyauta don cusa musu sha'awar fannin. Sai ƙungiyoyin Angel Flight, inda matuƙi ke biyan kuɗin mai da na jirgi daga aljihunsa ya kai majinyaci asibiti mai nisa.

Akwai sharaɗi a wannan na ƙarshe da ya kamata a riƙe, domin yana gyara wata fahimta da ta yaɗu. Majinyacin da ake ɗauka sai ya kasance yana iya tafiya da ƙafarsa, ya hau jirgi, ya zauna a kujera, kuma likitansa ya amince. Ba a ɗaukar mai naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko wanda jini ke zuba, domin babu gado, babu iskar shaƙa, babu ma'aikacin jinya, kuma matuƙin na iya soke tafiyar da safe idan sama ta ɓaci. Jirgin sa kai ba motar ɗaukar marasa lafiya ba ne.

A ƙasar Hausa ma an san irin wannan hidima. A shekarun 1960 an gudanar da aikin likita mai tafiya da jirgi daga Gusau zuwa ƙananan ɗakunan shan magani na karkara. A Jamhuriyar Nijar kuwa, sashen jirage na ƙungiyar mishan ta SIM, wato SIMAIR, ya daɗe yana jigilar likitoci da kayan aiki tsakanin Yamai da asibitin Galmi da Maraɗi. Sai dai matuƙan irin waɗannan ƙungiyoyi ƙwararru ne masu lasisin kasuwanci da ɗaruruwan sa'o'i. Mai lasisin ƙashin kai da ya fito daga makaranta jiya ba zai samu kujerarsu ba.

Idan aka auna da Kumbashi

Kumbashi gari ne a ƙaramar hukumar Mariga, cikin masarautar Kontagora, a arewacin Jihar Neja. Yankin noma da kiwo ne, mai nisa da manyan asibitoci, kuma shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar hanyoyinsa da dazukansa. Daga Kontagora zuwa Minna ta Tegina da Zungeru kusan kilomita 200 ne a mota, tafiyar da lalacewar hanya da fargaba ke iya mayar da ita ta rabin yini. A miƙe ta sama tazarar kimanin kilomita 150 ce, wato minti 45 a Cessna 172. Wanda ya ga wannan lissafi dole ransa ya biya.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jirgin nan yana buƙatar kimanin mita 500 kafin ya tashi ya haye bishiyar da ke ƙarshen fili, kuma wannan adadi na ranar sanyi ne a kan kwalta. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a wurare da dama na Arewa, iska takan yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, fukafukai su rage ɗauka, sai nisan ya ƙaru sosai. Ciyawa ko yashi su ƙara nasu. Kujeru huɗu ne, amma idan aka cika tanki da mai, yawanci manya uku ne iyaka. Filin kuma ba a share shi kawai a kira shi titin jirgi. Sai da izinin hukuma, da shinge ko mai gadi da zai kore shanu da awaki, da wanda zai taka shi bayan ruwan sama ya tabbatar bai yi laka ba.

Abin da ya fi dacewa da yanki irin wannan shi ne a kai ƙwararre kusa da jama'a. Likitan ido daga Kaduna ko Kano da zai yi yini biyu yana cire yanar ido a Kontagora, ko likitan mata da zai tantance masu yoyon fitsari kafin a tura su cibiya irin ta Babbar Ruga a Katsina, aiki ne da ake tsarawa makonni kafin ranar, ana kuma iya ɗage shi idan yanayi bai yarda ba. Mutanen Kumbashi za su taho Kontagora ta mota, amma an rage musu doguwar tafiyar. Na biyu shi ne ido daga sama. Lokacin ambaliyar Mokwa ta ranar 29 ga Mayun 2025, wadda ta hallaka sama da mutum 150 ta kuma yanke hanya, irin hoton da ƙaramin jirgi ke ɗauka cikin sa'a guda shi ne ke nuna wa masu agaji inda ruwa ya bi da inda mutane suka maƙale. Haka nan neman waɗanda jirgin ruwa ya kife da su a tafkin Kainji da Kogin Kwara, musibar da ta zama kusan ta kowace damina. Irin wannan shawagi da izinin hukumomin agaji ake yin sa, ba kowa ya tashi gaban kansa ba.

Jigilar jini da allurar rigakafi kuwa, jirage marasa matuƙi sun fara karɓe ta. Kamfanin Zipline ya soma wannan aiki a Jihar Kaduna a 2022, kuma na'urarsa ba ta buƙatar titin sauka, ba ta kuma jefa ran matuƙi cikin haɗari. A wannan fage ta fi mai lasisin ƙashin kai, kuma babu amfanin musun haka.

Hazo, hadari da faɗuwar rana

Lasisin a karan kansa na tuƙi da ido ne. Matuƙi yana kallon ƙasa da inda sama ta haɗu da ita, da haka yake sanin ko jirginsa a daidai yake. Ƙa'idar gama-gari ita ce ya iya hangen kilomita biyar, ya nisanci gajimare, kada ya yi ƙasa da ƙafa 1,000 a saman gari ko ƙafa 500 a saman fili. Tuƙi a cikin gajimare da dogaro da na'urori kaɗai yana buƙatar ƙarin horo da shaida ta daban, haka ma tuƙin dare yana da nasa horon.

Shekarar Arewa ba ta sauƙaƙa wa mai tuƙi da ido. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rage gani zuwa ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jirage masu cikakkun na'urori su kasa sauka a Kano ko Kaduna. Da damina kuma hadari kan taso daga gabas da la'asar, da iska mai ƙarfin da ke iya kifar da ƙaramin jirgi ko da a ɗaure yake a ƙasa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke tashi da sassafe su sauka kafin azahar, bayan sun karɓi hasashen Hukumar Kula da Yanayi, NiMet.

Haɗarin rasa gani ba daga jirgi yake ba, daga jikin mutum yake. Idan ido ya daina ganin ƙasa, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne yakan yaudari ƙwaƙwalwa, matuƙi ya rantse a miƙe yake alhali jirgin ya karkata yana gangarowa. Wanda ba a horar da shi ya ƙaryata jikinsa ya gaskata na'ura ba, mintuna kaɗan yake da su.

Arewa ta ga misali mai ciwo. Marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Jihar Taraba, ya koyi tuƙi a Zariya yana kan mulki, ya samu lasisin ƙashin kai. Ranar 25 ga Oktoban 2012 ya taso daga Jalingo zuwa Yola da jirgin Cessna 208 yana tuƙawa da kansa, jirgin ya faɗi kusa da Yola da yamma. Ya samu mummunan rauni a kai, bai sake komawa daidai ba har rasuwarsa a Amurka a watan Yunin 2017. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ya nuna ba shi da shaidar cancantar tuƙa wannan samfurin, kuma tafiyar da aka tsara ta tuƙi da ido ta kai bayan faɗuwar rana. Masu horarwa sukan ce abu mafi wuya da ake koya wa ɗalibi shi ne ya ce yau ba za a tafi ba, kuma wuyar takan ninka idan matuƙin babban mutum ne, ko kuma majinyaci na jiransa a ɗaya gefen.

Tsaro da riƙon lasisi

A arewa maso yamma da Jihar Neja akwai wani shinge da matuƙin Kenya na shekarun 1960 bai sani ba. A watan Maris na 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a samaniyar Jihar Zamfara, maƙwabciyar Neja ta arewa, a daidai lokacin da jita-jita ta yi yawa cewa wasu jirage na kai wa 'yan bindiga makamai suna kwasar zinare. Tun daga nan, duk ƙaramin jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa a kan dajin Mariga abin zargi ne ga mutanen ƙauye, kuma yana iya shiga hanyar jiragen yaƙi da ke sintiri. Dole matuƙi ya miƙa tsarin tafiyarsa ga Hukumar Kula da Sararin Samaniya, NAMA, ya karanta sanarwar wuraren da aka rufe, ya kuma tabbatar jami'an tsaro da hakimin yankin sun san da zuwansa. Mai jirgin kansa yana buƙatar izinin NCAA na zirga-zirgar da ba ta kasuwanci ba, da inshora, da injiniya mai lasisi da zai riƙa sa hannu a kan lafiyar jirgin.

Takardar ma ba a ajiye ta a akwati a ɗauko ranar buƙata. Kafin mutum ya ɗauki fasinja, ko da ɗansa ne, sai ya kasance ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwanaki 90 da suka gabata. Shaidar lafiya, bisa ma'aunin ICAO, tana aiki na wata 60 ga wanda bai kai shekara 40 ba, daga nan ta koma wata 24. Kowace sa'a da aka yi a sama ana rubuta ta a littafin matuƙi, da kwanan wata da lambar jirgi da filin tashi da na sauka, kuma wannan littafi shi ne abu na farko da ƙungiyar agaji ko kamfanin inshora ke buɗewa kafin su amince mutum ya ɗauki kowa.